JULIUS MAGGI, MAI GIDAN NIƘAN DA SUNANSA YA SHIGA KOWACE TUKUNYA

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai tireda a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ya san ɗan dunƙulen nan mai naɗin rawaya da ja wanda ake zubawa cikin roba kusa da ashana da sukari. Ko yaron da bai fara zuwa makaranta ba, in aka aike shi sayensa, ba ya kuskure, domin tun daga nesa launin yake kiransa. Amma cikin mutum ɗari da wuya a sami ɗaya wanda ya san cewa magi sunan mutum ne, kuma launin nan biyu da tauraron da ke jikin takardar, mutumin ne da kansa ya zauna ya zaɓe su, fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Sunansa Julius Maggi, mutumin ƙasar Suwizalan. Ya mutu tun kafin a haɗe Arewa da Kudu su zama Nijeriya ɗaya, kuma sai da ya yi shekara hamsin da ɗoriya a kabari kafin dunƙulensa ya shigo kasuwannin ƙasar nan. Tarihinsa abin dubawa ne, musamman ga masu neman abinci ta hanyar saye da sayarwa, domin yana cikin mutanen farko da suka gane cewa ido ne ke fara ciniki kafin baki ya ɗanɗana.

An haife shi ran 9 ga watan Oktoba, 1846, a wani gari da ake kira Frauenfeld, arewacin Suwizalan. Ubansa, Michael Maggi, baƙo ne a ƙasar, daga garin Monza na Italiya ya yi ƙaura ya zo neman arziki, ya auri 'yar ƙasa, ya kama sana'ar niƙan alkama. Saboda asalin nan na Italiya, mutanen Suwizalan Majji suke furta sunan. Jamusawa ne suka karanta shi yadda ya zo a rubuce suka ce Magi, kuma irin furucinsu ne ya yi daidai da wanda aka saba da shi a nan.

Yaron bai zauna lafiya da makaranta ba, an yi ta canja masa daga wannan zuwa waccan. Daga baya aka kai shi birnin Basel ya koyi aikin kasuwanci a wani gidan ciniki, sa'an nan ya wuce Budafes ta ƙasar Hangari, wadda a zamanin ita ce cibiyar manyan injunan niƙa na Turai. Ya yi wajen shekara 2 a can yana aiki a wani babban kamfanin niƙa mai amfani da tururi, har ya sami muƙami. A cikin 1869, yana ɗan shekara 23, ya komo gida ya karɓi gidan niƙan da ubansa ya saya a Kemptthal, kusa da garin Winterthur. A 1872 ya kafa kamfani da sunansa.

Sai dai ya shigo sana'ar a mugun lokaci. Jiragen ƙasa da na ruwa sun fara kawo hatsi da gari masu araha daga ƙasashen waje, sababbin injuna kuma suna niƙa abin da ya fi ƙarfin kasuwa, ƙananan gidajen niƙa suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ya zama tilas ga Maggi ya nemi wani abin da zai niƙa ban da alkama.

GARIN WAKE

Hanyar ta buɗe masa ta hannun wani likita mai suna Fridolin Schuler, wanda gwamnatin Suwizalan ta naɗa sufeton masana'antu. Aikin likitan ya kai shi cikin masaƙu da gidajen ma'aikata, ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Mata sun bar gida sun shiga masaƙa, kuma ko bayan dokar 1877 da ta rage lokacin aiki, awa 11 ake yi a yini. Mace ta komo gida da dare a gajiye, ba lokacin girki, ba kuɗin nama, sai a ci dankali a kora da ruwan kofi, maza kuma su cike gurbin da barasa. Yara suna ta ramewa, jarirai suna mutuwa. A 1882 likitan ya yi jawabi a kan wannan al'amari gaban wata tsohuwar ƙungiya ta ƙasar mai kula da jin daɗin jama'a, ya nuna cewa wake da danginsa suna da abin gina jiki kusan kamar nama, ga kuma araha, illarsu ɗaya ita ce daɗewa a kan wuta. Wannan kam duk matar da ta taɓa ɗora wake ba kanwa ta san gaskiyarsa.

Maggi ya karɓi aikin. Ya yi shekara 2 yana gwaje-gwaje, ya gasa waken, ya ɓare, ya niƙa, ya gauraya, har ya sami garin da zai dahu cikin 'yan mintoci. Abin ya shiga ransa ƙwarai, har ya kusa raɗa wa 'yarsa suna Leguminosa, watau sunan da ya sa wa garin, wanda aka ciro daga kalmar Latin ta dangin wake. A ƙarshen 1884 aka fito da garin kasuwa, ƙungiyar ta yarda a yi amfani da sunanta wajen talla, shi kuma ya yarda a ƙayyade farashi domin talaka ya iya saye.

Talaka kuwa bai saya ba. Likitoci sun yaba, jaridu sun yaba, amma garin ba shi da daɗi a baki, kuma ma'aikacin da ya yini yana wahala ba ya son a gaya masa cewa ga abincin matalauta an yi dominsa. Kamfanin ya yi hasara har ya kusa durƙushewa. A nan ne Maggi ya koyi darasin da ya riƙe har mutuwarsa, watau amfanin abu shi kaɗai ba ya sayar da shi, sai an haɗa da daɗi, sa'an nan a yi masa tufafin da za a gane shi da su.

A 1886 ya fito da garin miya wanda aka riga aka haɗa, sai dai a zuba ruwa a tafasa. A cikin shekarar kuma ya gano abin da ya ɗaukaka shi, wani ruwa baƙi-baƙi da ake samu daga tsirrai, wanda in aka ɗiga kaɗan cikin miya sai ta yi ɗanɗanon romon nama, alhali ko ƙashi babu a ciki. A lokacin akwai wani tataccen romon naman shanu da ake kawowa daga Amurka ta Kudu cikin 'yan tuluna, mai ɗauke da sunan masanin nan na Jamus Justus von Liebig, amma sai mai hali ke iya sayensa. Ruwan Maggi ya zo da araha. An ɓoye sirrin haɗinsa, kuma ƙamshinsa ya kama hancin Jamusawa har suka sake wa wani ganyen miya na gargajiya suna, suka koma kiransa ganyen Maggi don ƙamshinsu ya yi kama, ko da yake ba a sa ganyen cikin ruwan.

KWALBA DA LAUNI BIYU

Kafin mai karatu ya gane girman abin da Maggi ya yi bayan wannan, sai ya san yadda kanti yake a Turai a wancan zamani. Yawancin kaya a buɗe ake sayar da su. Gari yana cikin buhu, mai yana cikin ganga, sabulu dogon sanda ne ake yankawa da wuƙa. Mai kanti ya auna, ya ƙunshe a takarda, mai saye ya tafi bai san wanda ya yi kayan ba. In an yi algus, an zuba alli cikin gari ko ruwa cikin madara, ba wanda za a kama. Amincin duka yana wuyan mai kanti. A shekarun nan ne waɗansu 'yan kasuwa masu hangen nesa suka fara naɗe kayansu tun daga masana'anta suna buga sunansu a kai, kamar Henri Nestlé da tambarinsa na sheƙar tsuntsu, da William Lever na Ingila da sabulunsa Sunlight. Abin da suke nufi shi ne amincin ya tashi daga kan mai kanti ya koma kan sunan da ke jikin kwali.

Maggi ya fi yawancinsu zurfafawa. A 1887 ya zana kwalbar ruwan nan da hannunsa, bai ba wani gwanin zane ba. Ya yi ta da gilashi mai launin ƙasa-ƙasa, jikinta mai kusurwa huɗu, wuyanta dogo siriri. Kowane ɓangare da amfaninsa. Kwalba mai kusurwa ba ta gangarawa, tana jeruwa cikin akwati ba a ɓata wuri, kuma tana da faffaɗan gaba inda takarda za ta kwanta sosai a karanta ta. Dogon wuya da ƙaramin baki suna sa ruwan ya fito ɗigo-ɗigo, wanda kuwa haka ake so, domin abu ne mai ƙarfi, in ya yi yawa ya ɓata miya. Daɗin daɗawa, yawancin kwalaben da ke kan kanta masu zagaye ne, saboda haka ko a cikin duhu mutum ya laluba ya taɓa wannan ya san ita ce.

Sa'an nan ya zaɓi launi biyu, rawaya da ja, ya tsaya a kansu. Masu aikin ɗab'i sun san hikimar da ke ciki. A zamanin, ana buga hoto mai launi ne da faifan dutse, kowane launi da nasa dutsen, kuma sai takarda ta bi ta cikin inji sau ɗaya domin kowane launi. Mai son launi 8 sai ya biya aiki 8. Yawancin 'yan kasuwan lokacin suna cika takardunsu da furanni da lambobin yabo da hotunan mata da rubutu ƙanana iri-iri, har mutum ya rasa inda sunan kayan yake. Launi biyu suna da arahar bugawa, ja a kan rawaya kuwa ana hango shi daga ƙetaren titi, ba ya ɓacewa cikin hazo ko cikin kanti mai ƙarancin haske. Babban abin ma shi ne bai yi ta canjawa ba. Kwalba, da kwalin garin miya, da allon talla, da keken da ke raba kaya, duk rawaya da ja. An yi wa kwalbar 'yan gyare-gyare cikin shekaru, amma wanda ya ga ta 1887 ya ga wadda ake ɗorawa kan teburin cin abinci a Jamus a zamanin nan, ba zai yi shakkar cewa uwa ɗaya ta haife su ba.

Da kaya suka karɓu, sai masu kwaikwayo suka taso, kamar yadda aka saba. A lokacin, mace takan kai ƙaramar kwalbarta kanti a sake cika mata daga babbar kwalba a kan farashi mai sauƙi, waɗansu masu kanti kuwa sai su zuba wani ruwa dabam mai araha a cikin kwalbar Maggi. Waɗansu kuma suka riƙa buga takardu masu kama da tasa, da suna mai kama da nasa. Maggi bai ɗauki wannan da wasa ba. Zuwa shekarar 1900 ya yi rajistar sa hannunsa a ƙasashe da dama, ya yi rajistar sunansa cikin salon haruffa iri-iri, masu kauri da sirara, tsayayyu da karkatattu, domin kada wani ya ɗauki sunan ya sake masa fasalin rubutu ya ce nasa ne. A Suwizalan kaɗai ya kulle siga 18 na sunan, duk wata hanya da ya ga mai wayo zai iya bi ya rage harafi ko ya ƙara. Wannan dabara ce da manyan kamfanoni suka mayar al'ada daga baya, amma a lokacin baƙon abu ce ƙwarai mutum ya ɗauki siffar haruffan sunansa a matsayin dukiya, kamar gona ko gida.

A shekarar 1900 ɗin kuma ya yi rajistar tambarin da ya zana, tauraro mai tsini huɗu wanda aka haɗa da siffar gicciye. Ma'anarsa a wurinsa ita ce sai an bi ta wahala ake kai wa ga nasara, abin da ya yi daidai da yadda ya sha da garin wake. Wannan shi ne tushen tauraron da matan ƙasar nan suke nema in sun ce a ba su mai tauraro.

MAWAƘI A OFISHIN TALLA

Tun a 1886, lokacin da kamfanin bai gama farfaɗowa ba, Maggi ya buɗe ofishi na musamman domin talla da hulɗa da jaridu, ya ajiye shi ƙarƙashin kulawarsa kai tsaye. Kamfanoni kaɗan ne suke da irin wannan ofishi a wancan lokaci. Wanda ya fara ɗauka ya riƙe shi wani saurayi ne ɗan shekara 22 mai suna Frank Wedekind, wanda ya ɓata da ubansa, aka yanke masa kuɗin makaranta, ya shiga neman abin da zai ci. Cikin 'yan watanni saurayin ya rubuta tallace-tallace wajen 150, waɗansu a waƙe, waɗansu a zube, duk a kan miya da ruwan ɗanɗano. Maggi yakan karɓi kowace takarda ya duba ta kamar malamin makaranta, ya rubuta ra'ayinsa a gefe, wannan ta yi, wannan ba ta yi ba. Zaman nasu bai daɗe ba, a 1887 suka rabu. Wedekind ya je ya zama ɗaya daga cikin shahararrun marubuta wasan kwaikwayo na Jamus, takardun tallan nan kuwa an adana su, masu nazarin adabi suna dubawa.

Bayan jarida, sai alluna. Maggi ya yi amfani ƙwarai da allunan ƙarfe masu shafen tangaran, irin shafen da ake yi wa langa da kwanon sha, waɗanda ruwan sama da rana ba sa kashe launinsu. Aka bi ƙofofin kantuna da tashoshin jirgin ƙasa da bangayen gidaje ana kafawa. Takardar talla takan yage cikin mako guda, allon tangaran kuwa sai ya shekara 20 yana faɗin suna ɗaya ga duk mai wucewa.

Kasuwa ta buɗe. A 1887 ya kafa reshe a garin Singen na Jamus, dab da iyakar Suwizalan. Da fari ɗan wuri ne inda 'yan ma'aikata kaɗan ke ɗura ruwan cikin kwalabe, daga baya ya zama babbar masana'anta. Ya kuma kafa wani a Bregenz ta Ostiriya. Wajen ma'aikata ma ba a bar shi a baya ba, ya gina musu gidaje da ɗakin cin abinci, ya kafa asusun jiyya, kuma da yajin aiki ya tashi a Singen a 1907, sai ya zo da kansa ya sasanta, ya sa aka kafa kwamitin ma'aikata. Mutum ne mai son a bi tsarinsa ƙwarai, irin masu gidan da ke ɗaukar ma'aikata kamar 'ya'yansu, da alherin hakan da kuma takurarsa.

Daga wajen 1900 hankalinsa ya koma Faransa, ya tare a birnin Faris. A can ya shiga wata sana'a dabam, sayar da madara mai tsabta wadda aka dafa aka kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki, aka kuma gwada ta a ɗakin bincike, a lokacin da gurɓatacciyar madara ke kashe jarirai a birnin. Ya buɗe ɗaruruwan ƙananan kantuna masu fasali iri ɗaya, kuma a 1912 kamfanin madarar ya sayar da lita miliyan 60. Wannan ya jawo masa ƙiyayyar tsofaffin masu sayar da madara na birnin, ƙiyayyar da ta yi aikinta daga baya.

A wannan zama na Faris ne dunƙulen ya fito. A 1907 aka fara sayar da shi a Faransa da sunan Kub, a 1908 kuma ya bazu da sunan Maggi. Romo ne aka busar aka danne da gishiri ya zama ɗan dunƙule mai fuska shida daidai wa daida. Kamfanin Oxo na Ingila ya fito da nasa a 1910, Knorr na Jamus a 1912.

In aka duba da kyau, dunƙulen nan shi ne ƙarshen gwanintar mutumin wajen shirya kaya. Abin da kansa shi ne ma'auninsa, ba a bukatar cokali ko sikeli, guda ɗaya tukunya ɗaya. Ana iya fasa kwali a sayar da ɗai-ɗai, saboda haka wanda ba shi da kuɗin kwalba yana da kuɗin dunƙule, kuma kowane ɗaya yana tafe da naɗinsa da sunansa, ba kamar gishiri ko sukari da ake ƙullawa ba suna ba. Takardar kuwa ƙarama ce ƙwarai, ba ta da wurin furanni ko dogon bayani. Kamfanin da tambarinsa ke da tarkace da yawa ba zai iya matse shi a kan fili kamar farcen babban yatsa ba. Maggi kuwa ya riga ya shekara 20 yana koya wa jama'a launi biyu da suna mai harafi biyar, sai suka zauna daram a kan ɗan dunƙulen.

Bai daɗe yana cin moriyar wannan ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi yana tsakiyar aiki a Faris, aka komo da shi gida, ya mutu a Küsnacht kusa da birnin Zurik ran 19 ga watan Oktoba, 1912, kwana 10 bayan ya cika shekara 66.

ALLUNAN DA AKA TUHUMA

Abin da ya faru bayan mutuwarsa ya nuna cewa sanannen tambari yana iya zama abin jifa. Wata jarida ta masu tsananin kishin Faransa, Action française, tare da marubucinta Léon Daudet, ta yi ta yaɗa cewa kamfanin Maggi na Jamusawa ne, kuma 'yan leƙen asiri ne suka fake da sayar da madara. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a farkon watan Agusta, 1914, sai jama'a suka afka wa kantunan Maggi na Faris, suka farfasa, suka kwashe kaya. Aka baza ji-ta-ji-ta cewa an sa guba a madarar, har aka ce an kama Maggi da kansa zai gudu da zinariya cikin garewanin madara, mutumin da ya kusa shekara 2 a kabari.

Mafi ban mamaki shi ne abin da ya sami allunan. Da yake an kafa allunan Kub a ko'ina, kusa da gadoji da mararraba da hanyoyin jirgin ƙasa, watau inda idon matafiyi zai faɗa a kansu, sai aka ce ai alamu ne aka ajiye wa sojan Jamus, 'yan lambobin lissafi da ke jikinsu kuma saƙon asiri ne. Hukuma ta ba da umurni a bi a ciccire su. Wuraren da mai talla ya zaɓa don jama'a su gani, su ne dai wuraren da soja ke kula da su, wannan kaɗai ya isa hujja ga mutanen da tsoro ya kama. Kamfani na mutanen Suwizalan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba, shi ya sha wannan hasara.

Duk da haka sunan ya tashi. A 1931 shahararren mai zanen talla Leonetto Cappiello ya yi wa Kub wani hoto da ake koyar da ɗalibai da shi a makarantun zane: kan bijimi ƙato, da kwalin dunƙulen a gefen fuskarsa, ba wani tarkace. Mai wucewa cikin mota ya gane saƙon kafin ya ƙifta ido, ƙarfin sa guda cikin ɗan dunƙule. A 1947 kamfanin Maggi ya haɗe da Nestlé, kuma ta hannun Nestlé ne kayan suka bazu zuwa Afirka da Asiya.

Dunƙulen ya shigo kasuwar Nijeriya a 1966. Daga baya aka fara yin sa a cikin ƙasa, a masana'antar Agbara ta Jihar Ogun, sa'an nan a 2011 aka buɗe wata sabuwa a Shagamu. Wanda ake yi a nan ba irin na Turai ba ne sak, an haɗa shi da waken soya da aka ruɓar, domin ya kusanci ɗanɗanon daddawa da harshen mutanen ƙasar ya saba da shi, iru a wurin Yarabawa. Ashe waken da ya kusa karya Maggi a 1884 bai rabu da sunansa ba. A shekarun 2010 kamfanin ya bayyana cewa yana sayar da dunƙule fiye da miliyan 100 kowace rana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Ba a rasa abin cewa game da wannan nasara. Mata masu sana'ar daddawa a karkara sun ga kasuwarsu ta ragu, kuma wani abin da ya jawo haka shi ne daddawa tana zuwa kasuwa tsirara, ba naɗi, ba suna, ba wanda zai rantse a kan tsabtarta, alhali kishiyarta ta zo cikin riga mai ƙyalli. Likitoci kuma suna gargaɗi cewa gishiri ne ya fi yawa a cikin dunƙulen, mai hawan jini ya yi hattara, balle a gidajen da ake jefa huɗu ko biyar a tukunya ɗaya sa'an nan a ƙara gishiri. Kyan takarda ba ya rage wannan ko kaɗan.

Amma ta fuskar zane, abin da Maggi ya shirya domin matan masaƙun Suwizalan ya yi aiki a wurin da bai taɓa tsammani ba. A kasuwar da mai saye Bahaushe ne, mai sayarwa Bayarabiya ko Inyamura, kuma da yawa ba su karanta boko ba, launi da tauraro sun isa ciniki, a nuna da yatsa a miƙa kuɗi. Masu yin jabu ma sun san haka, shi ya sa launin suke fara sata kafin suna. Sai dai nasarar ta zarce inda mai ita ya so. A bakin Hausawa yanzu kowane dunƙule magi ne, ko na Knorr ne ko na wani kamfani dabam, har farin garin nan na Ajinomoto, wanda asalinsa daga Japan yake, farin magi ake ce masa. Mai tireda yakan tambayi mai saye wane irin magi yake so. Cikin siga 18 ɗin nan da Julius Maggi ya yi wa rajista a Suwizalan don kada kowa ya taɓa su, har da Magi mai harafin g guda ɗaya.